Idon Ƙarfe: Daga Filin Harba Roka Zuwa Ƙofar Sito

Ɗan'uwa, in ka shiga kasuwar Maraɗi ko ta Illela a 'yan shekarun nan ka ɗaga kai, za ka ga wani ɗan farin abu maƙale a saman ƙofar manyan shaguna yana kallonka. Kyamarar tsaro ke nan. Da ma sai a banki ake ganinta, yanzu kuwa har mai sayar da buhun gero yana tambayar kuɗinta. To kafin ka zaro naka kuɗin, ga inda ta fito.

Asalinta ba don ɓarawo aka yi ta ba. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suna gwajin wata roka mai suna V-2, wadda ba mai iya tsayawa kusa da ita in za ta tashi. Sai kamfanin Siemens ya kafa musu kyamara, aka ja waya zuwa wani ɗaki, suna kallo daga nesa. Amma a lokacin ba a adana hoto. Dole mutum ya zauna ya zura wa allo ido, in ya yi gyangyaɗi, abin da ya wuce ya wuce. Sai da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu a shekarun 1970 sannan aka iya komawa a duba abin da ya faru jiya.

Abin da ya ɗaga kasuwarta a Ingila abin tausayi ne. A 1993 wasu yara biyu suka ja hannun wani yaro ɗan shekara biyu daga wata kasuwa kusa da Liverpool, suka kashe shi. Kyamarar kasuwar ta ɗauke su suna fita da shi, hoton ya zagaya duniya, gwamnati ta zuba kuɗi aka cika titunan ƙasar da kyamarori. Lura da kyau: hoton ya taimaka wajen bincike, amma bai ceci yaron ba.

A 1996 kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fito da wadda ake haɗawa da intanet. Sannan Sin ta shigo. Hikvision da Dahua, duka daga birnin Hangzhou, an kafa su a 2001, kuma su ne suka karya farashi har abin ya iso hannun talaka. Amurka ta haramta wa ma'aikatun gwamnatinta sayen kayansu, a 2019 kuma ta sa su cikin jerin kamfanonin da ta yi wa takunkumi. Wannan rigimar manya ce, a kasuwanninmu dai kayan Sin ne suka fi yawa.

Mu ma nan an gwada da babban hannu. A 2010 Najeriya ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470, mafi yawa bashi daga Sin, don tsarin sadarwar 'yan sanda da kyamarori kimanin 2,000 a Abuja da Legas. Ba a jima ba aka riƙa ganin turakunsu a tsaye, kyamarorin ba sa aiki, har majalisa ta yi ta bincike. Kafawa daban, kula da abu daban. Kai kuma mai tsallaka iyaka, wataƙila ka riga ka tsaya gaban wata ƙaramar kyamara a ofishin shige da fice, an ɗauki fuskarka da zanen yatsunka. Da jami'i ne ke gane ka da ido, ku gaisa, ya tambayi mutanen gida. Na'ura ba ta gaisuwa, kuma ba ta mantuwa.

Wadda ake yayi yanzu ita ce mai sola a ka da layin waya a ciki, ba ruwanta da wutar gwamnati. Kana Konni kana ganin sitonka na Illela a waya. Ga ɗan kasuwa mai kaya a wuri ɗaya, na ga amfaninta, ko don yaran shago su san ana gani, ko don a raba gardama in an ce buhu 40 aka sauke wani ya ce 38.

Ga makiyayi kuwa lissafin ya sha bamban. Garke ba ya zama wuri ɗaya, dajin da ake kiwo kuma galibi babu sabis. Ka tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga. Duk mai irin wannan kyamara a can, wayarsa ta daina nuna masa komai. Sannan wanda ya zo da bindiga ya kora shanu, ba kunyar hoto yake ji ba. A ganina inda za ta yi wa makiyayi aiki shi ne kara, wurin da ake lodin dabbobi a mota, domin nan ne saniyar sata ke komawa kuɗi. In shugabannin kara da dillalai suka haɗa hannu suka kafa ta a ƙofa, za a san wa ya kawo, wace mota ta ɗauka.

In za ka saya, sa mai shago ya gwada maka ita da dare, ka ga ko ana gane fuska. Tambaye shi kwana nawa take riƙe hoto kafin ta goge na baya, da nawa za ka riƙa zuba wa layin duk wata. Lambar sirrin da ta zo da ita kuma ka canja ta da hannunka, bayan mai kafawa ya tafi.