Asenik daga Ƙasar Gona zuwa Jikin Ɗan Adam: Nazari kan Shinkafar Rani a Bangaladash

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci binciken da aka wallafa daga 2001 zuwa 2010 kan gubar asenik a Bangaladash. Matsayinta shi ne, an karkata ga tsabtace ruwan sha, an bar ƙasar gona da shinkafar da ke fitowa daga cikinta.

Asalin gubar

Ba masana'anta ce ta zubar da asenik a wannan yanki ba. Kogunan Ganges da Brahmaputra ne suka shafe dubban shekaru suna kwaso laka daga duwatsun Himalaya, asenik ɗin kuma na manne da tsatsar ƙarfen da ke jikin lakar. Muddin akwai iskar oksijin, yana nan a ɗaure. Idan laka ta binnu, iska ta ƙare, sai ƙwayoyin bakteriya su narkar da tsatsar, gubar ta sulale cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Tun daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse, da tallafin UNICEF, don a raba jama'a da ruwan tafki mai haddasa amai da gudawa. An ci wannan nasara. Sai a 1993 aka tabbatar da gubar a rijiyoyin Chapai Nawabganj. Binciken Hukumar Nazarin Ƙasa ta Birtaniya, wanda ya fito a 2001, ya gwada rijiyoyi wajen 3,500, ya gano kashi 27 cikin ɗari na marasa zurfi sun haura maikurogiram 50 a kowace lita, wato ma'aunin Bangaladash, kashi 46 kuma sun haura maikurogiram 10 na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Hanyar gona

Matakin da aka ɗauka shi ne shafa fenti a bakin famfo: ja ga mai guba, kore ga mai kyau. Dabara ce mai arha, ta kuma yi amfani. To amma jan fenti mai ɗiban ruwan sha yake yi wa kashedi, bai hana manomi ban ruwa ba.

Shinkafar rani, wadda ake kira Boro, da ruwan rijiyoyi marasa zurfi ake noma ta. Kowace shekara ruwan na barin asenik a saman ƙasar gona, musamman a bakin magudanar da yake shigowa. Meharg da Rahman sun nuna a 2003 cewa gonakin da ake ba irin wannan ruwa sun fi tara gubar, shinkafarsu ma haka. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yanayin noman kansa. Gonar da ruwa ya kwanta a kanta ba ta samun iska, don haka abin da ya faru a ƙarƙashin ƙasa shi ke maimaituwa a gindin shuka. A 2008 wani mai bincike mai suna Ma da abokan aikinsa suka gano cewa saiwar shinkafa na zuƙar asenik ta ƙofofin da take zuƙar silikon, wato Lsi1 da Lsi2, ga shi kuwa shinkafa shuka ce mai yawan buƙatar silikon.

Illa ga lafiya

Alamun farko su ne ɗigo-ɗigon baƙi a ƙirji da baya, sai kaurin fata da ƙuraje masu tauri a tafin hannu da tafin ƙafa. Sankarar fata da ta mafitsara da ta huhu kan ɗauki shekaru kafin su bayyana. Binciken da aka yi kan mutum kusan 12,000 a Araihazar, wanda mujallar Lancet ta buga a 2010, ya alaƙanta kimanin kashi 21 cikin ɗari na mace-macen da aka samu da ruwa mai asenik sama da maikurogiram 10. Wannan ƙiyasi na ruwan sha ne. A gidan da aka koma koren famfo amma ake cin shinkafa safe da rana da dare, mai yiwuwa kaso mai yawa na gubar ta tukunya yake shiga.

Janye ruwa daga gona lokaci-lokaci na rage asenik a ƙwayar shinkafa, sai dai yana ƙara mata kadmiyom, don haka wajibi ne a riƙa auna gubobin biyu tare kafin a ba manoma wannan shawara.