Tarihin cutar maza da ake ɗora wa mata laifinta

A nan Gaya, idan aure ya shekara biyu amarya ba ta yi ko ɓatan wata ba, kowa ya san wadda za a zuba wa ido. Ita za a ɗura wa jiƙe-jiƙe, ita za a kai Kamba ko a ƙetara da ita Malanbil neman taimako. In abin ya ƙi, sai a fara raɗe-raɗin juya ce, a ce wa mijin ya ƙara aure. Shi ba mai tambayarsa, tunda yana iya kwanciyar aure an gama magana. Ina so in ba malamai da iyaye tarihin wata cuta da ke rushe wannan lissafi, wadda likitoci ke kira barikosel, wato kumburin jijiyoyin jini na maraina. Daban take da gwaiwa, inda ruwa ke taruwa ko hanji ya sauko. A nan jijiyoyi ne ke buɗewa su murɗe. In mutum na tsaye aka taɓa sai a ji kamar tsutsotsi a jaka, in ya kwanta su lafa.

Tun ƙarni na ɗaya na Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Selsus ya bayyana ta, har ya lura cewa marainan da ke gefen kumburin kan ƙanƙance. Bayan kusan shekara dubu, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta yadda ake yi mata aiki a littafinsa At-Tasrif, ya kamanta ta da nonon inabi. Duk tsawon zamanin nan, don ciwo da nauyi ake yin aikin. Ba a da hanyar auna abin da take yi wa haihuwa, domin sai a 1677 ne Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ba da labarin ganin ƙwayoyin maniyyi a madubin da ke ƙara girman abu. Ko bayan an gan su, an daɗe ba a damu da ƙirga su ba. A ganina dalilin bai wuce namu na yau ba: can ma mace ake tuhuma.

Aikin kansa yana da hatsari a lokacin. A 1832 aka harbe Jacques Delpech, babban likitan fiɗa na birnin Monfeliye a Faransa. Kamar yadda masu tarihin likitanci suka ruwaito, wanda ya kashe shi tsohon majinyacinsa ne da ya yi wa aikin wannan cuta, marainansa suka shanye daga baya. Jijiyar da ke kai jini da waɗanda ke ɗauke shi a cuɗe suke wuri ɗaya, kuskure kaɗan ya isa a ɗaure har da wadda ke ciyar da wurin.

Shekarar da nake so mai karatu ya riƙe ita ce 1952. A cikinta wani likita a Edinbara ta Sikotilan, Selby Tulloch, ya ba da rahoton mutumin da aka gwada maniyyinsa ba a samu ƙwaya ko ɗaya ba, kuma yana da kumburin a ɓangarori biyu. Aka yi masa aiki, ƙwayoyi suka bayyana, matarsa ta yi ciki. Mutum ɗaya ne tak, amma daga kansa likitoci suka fara duban cutar a matsayin sanadin rashin haihuwa da ake iya gyarawa. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da binciken maza sama da 9,000 da suka je asibiti kan rashin haihuwa: an same ta a kusan kashi 25 cikin ɗari na masu raunin maniyyi, da kusan kashi 12 na masu lafiyayyen maniyyi.

Yadda take ɓarna ba wuyar ganewa. An rataye maraina a waje ne don suna buƙatar sanyin da ya gaza zafin jiki da kamar digiri biyu. Idan 'yan ƙofofin da ke hana jini komowa baya suka lalace, jini mai ɗumi ya kwanta a wurin, sai ƙwayoyin su ragu, su yi rauni. Galibi a hagu take, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo kuma a jijiyar ƙoda take juye jininta. Kusan namiji 15 cikin 100 na da ita, kuma mafi yawansu suna haihuwa lafiya lau, don haka kada a tayar da hankali. Amma a wasu ɓarnar a hankali take tafiya. Shi ya sa hujjar nan ta "ai ya taɓa haihuwa da uwargida" ba ta wanke kowa. A cikin mazan da suka haihu sannan haihuwa ta tsaya musu, cutar ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Ga inda maganar ta shafi malamai. A 1971 wani likita a Danmak, Oster, ya duba yaran makaranta sama da dubu. Bai ga cutar a 'yan shekara 6 zuwa 9 ba, amma a 'yan 10 zuwa 19 ya same ta a kusan kashi 16 cikin ɗari. Da balaga take zuwa ke nan, daidai shekarun da yaronmu ke kolej, shekarun da kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa ubansa cewa yana jin nauyi a gabansa bayan wasan ƙwallo ko doguwar tsayuwa ba. Kawu ko malamin da yaro ya sake da shi ya fi kowa damar jin wannan. Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba. Likita kan auna girman marainan biyu, ya ce a dawo shekara-shekara, sai in na gefen kumburin ya gaza ɗan'uwansa da kamar kashi 20 cikin ɗari, ko ciwo ya ƙi tafiya, a yi maganar aiki. Ciwo mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya kuwa wani abu ne daban, yana iya zama murɗewar maraina, wadda ba ta jira fiye da kamar awa shida.

Ga magidanci, ƙa'idar ita ce shekara ɗaya ana tare ba ciki, a duba miji da mata gaba ɗaya. Na miji ya fi sauƙi: dubawar hannu da gwajin maniyyi. Likitoci sun yi jayayya kan amfanin aikin, har a 2003 wani nazari a mujallar Lancet ya ce ba a ga hujjar yana ƙara haihuwa ba. Daga baya aka fi karkata ga cewa yana da amfani idan kumburin ana jin sa da hannu kuma gwaji ya nuna rauni. Wanda sai na'urar hoto ce ta gan shi, barinsa ake yi. Tun wajen 1985 kuma aka fara yin aikin da madubin fiɗa, wanda ke ba likita damar kauce wa jijiyar da ta jawo wa Delpech ajalinsa.

Ƙwayar maniyyi na ɗaukar kamar wata biyu da rabi kafin ta nuna, don haka sai bayan wata uku zuwa shida da aiki ake ganin canji a gwaji. Su kuwa shekarun matar ba sa tsayawa jiran miji ya gama jin kunya, musamman in ta haura 35. Daga Gaya hanyar ita ce a fara da asibitin gunduma, a tura mutum Dosso ko Yamai inda ake da likitocin mafitsara. Wanda ya fi sabawa da Najeriya, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato na da sashen wannan aiki.