Masarar da Zambiya ta ƙi karɓa a 2002

Makon nan za mu koma 2002, shekarar da fari ya ƙona gonakin kudancin Afirka. A Zambiya kaɗai mutum kusan miliyan 3 ne yunwa ta tasa a gaba. Amurka ta turo agajin masara, irin wadda aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Shugaba Levy Mwanawasa ya ce ba ya so, har ya kira ta guba. Nan aka yi masa ca: wa ke tsirfa da yunwa a ciki?

Abin da ya fi jan hankalina shi ne matakin maƙwabtansa. Malawi da Mozambik da Zimbabuwe sun karɓa, amma da sharaɗin a niƙa ta tukuna, domin gari ba ya tsirowa. A ganina wannan sharaɗi ne ya tona ainihin fargabar: kada manomi ya ware tsaba ya shuka, ta gauraya da irin gida, Turai kuma, wadda ke ɗari-ɗari da irin wannan abinci, ta rufe musu kasuwa. Zambiya kuwa ko garin ta ƙi.

Muhawarar ta iso mana mu ma. A 2019 Najeriya ta amince da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cinye kwanson wake. Wannan karon ba jirgin agaji ya kawo shi ba. Masu bincike na Samaru a Zariya ne suka fitar da shi, kuma don shuka aka yi shi.