Matsefatar Kaka

A gidanmu, can wani ƙauye kusa da Tasawa, kakata tana da wata ƴar matsefata da maƙerin garinmu ya ƙera mata. Kullum tana ɗaure ga bakin zanenta tare da mabuɗin ɗaki. In mun dawo daga gona lokacin girbin hatsi, ƙafafu da hannuwa duk karangiya, sai ta zaunar da mu bisa tabarma tana tsince mu ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ban ɗauki abin a bakin komi ba, sai da na shiga jami'a na gamu da irin wannan ƴar ƙarfe cikin littafin tarihi.

A shekarar 1850 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdul Karim, ya taso daga Tarabulus ya ƙetare hamada har Abzin da Agadas. Farkon 1851 ya biyo ta Tasawa kan hanyarsa ta Katsina da Kano. Cikin labarin tafiyarsa ya koka da karangiya ƙwarai. Ya ce tana cikin manyan abubuwan da ke wahalar da matafiyi, kuma kowane ɗan ƙasa yana yawo da ƴar matsefa, don in aka bar ƙayar cikin fata sai ta zama gyambo. Ya kuma lura cewa dabbobi na ƙiba da ciyawar, mutane ma suna cin ƙwayarta. Hakan kuwa gaskiya ne, don a shekarun yunwa ita ta riƙe ran mutane da yawa. Ke nan tun kafin zuwan likitan Nasara, kakanninmu sun gane cewa ƙaya ba a kwana da ita.

Abin da ba su iya gani ba shi ne abin da ƙayar ke shiga da shi. A 1884 wani ɗalibin likita a Jamus, Arthur Nicolaier, ya sa wa ƙananan dabbobi ƙasa ƙarƙashin fata, sai suka kamu da ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki, wanda muke kira tetanos. A 1889 Kitasato, mutumin Japan da ke aiki a Berlin, ya ware ƙwayar cutar ita kaɗai. Tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ba ta son iska. Shi ya sa rami ƙarami mai zurfi, irin na ƙayar aduwa ko sartse ko ƙusa, ya fi mata daɗi. Ba tsatsa ke kawo ta ba, kamar yadda muke ji ana faɗi. Cikin shekarun 1920 Gaston Ramon da abokan aikinsa na cibiyar Pasteur a Faransa suka samar da allurar rigakafinta, kuma a 1974 hukumar lafiya ta duniya ta sa ta cikin shirin yi wa yara rigakafi.

Duk wannan ya faru, amma ɗan baffana bai tsira ba sai da ƙyar. Ina aji shida lokacin da ya taka ƙayar bagaruwa a bayan garke. Kaka ta riga ta rasu. Aka tona da reza, kan ƙayar ya karye ciki, aka cusa toka aka ɗaure da tsumma. Bayan kamar kwana goma ya kasa buɗe baki ya sha fura. Wasu suka ce iska ce. Allah ya sa baffa ya ɗora shi amalanke zuwa likita. Ya yi makonni a ɗaki mai duhu, baffa ya sai da bijiminsa na noma. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To ƴan'uwa, yawancinmu in an yi hutu gona muke komawa. In ƙaya ko sartse ya soke ka, wanke hannu da wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. Tafasa matsefata ko allura, ko ka goge ta da alkol. Jawo shi ta hanyar da ya shiga, a hankali, kar ka matse wurin ya karye. Sake wankewa, ka rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da kashin shanu. In ya yi zurfi, ko ya shige ƙarƙashin farce, ko kusa da ido, bar tono ka tafi likita. Haka in wurin ya kumbura, yana zuga, yana fitar da mugunya, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya taso. Tetanos kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, kuma rigakafin yarinta yana raguwa, ana son a sabunta shi kamar duk shekara 10. In ba ka tuna ranar da aka yi maka ba, faɗa wa malamin likita.

Matsefatar kaka tana wurina yanzu, cikin jakar littattafaina. Na haɗa ta da katin rigakafina a aljihu guda.