Gādṑ

gādṑ (sn., nj., ba jam.)

1. Dukiyar da mamaci ya bari: *an raba ~*.

2. Sana'a ko sarautar da aka taras a gida: *ƙira ~nsu ce*.

3. (kimiyya) Wucewar siffa daga iyaye zuwa 'ya'ya ta ƙwayoyin halitta, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa: *ciwon ~*.

(a) ~ mai rinjaye: siffar da ƙwaya ɗaya ta isa ta fito da ita. Mis. tsawon kara a waken da Gregor Mendel ya gwada (ya wallafa a 1866): jikokin dogo da gajere, dogaye 3, gajere 1.

(b) ɓoyayyen ~: siffar da ba ta bayyana sai ƙwaya biyu iri ɗaya sun haɗu. Mis. sikila: AS da AS, a kowane ciki, AA 25%, AS 50%, SS 25%; AA da AS kuwa, babu SS.

gā̀dā (fi.): *ta gaji uwarta*.

magā̀jī (sn., nj.; mc. magājìyā, jam. magā̀dā).

gā̀dajjē (sif.; mc. gā̀dajjiyā, jam. gā̀dàddū): *gadajjiyar cuta*.