Waiwaye a Kan Nazarin Ingilishi a Matakin Share Fagen Shiga Jami'a

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka koyar da Ingilishi tsakanin sakandare da jami'a a Nijeriya.

2.0 Zamanin Aji Shida

Bayan buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, manyan makarantun sakandare sun ƙara shekara biyu, wato aji shida, inda ɗalibi kan zaɓi darussa uku ya zauna jarrabawar HSC. Rahoton Ashby na 1960 ya ƙarfafa wannan tsari. Sai dai Ingilishin wannan mataki adabi ne: Chaucer da Shakespeare, daga bisani Achebe da Soyinka. Nahawu kuwa, an ɗauka ɗalibi ya ƙoshi da shi tun aji biyar.

3.0 Sauyin Tsari

Kafa JAMB a 1978 da soma tsarin 6-3-3-4 a 1982 sun kawar da aji shida sannu a hankali, ko da yake IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ci gaba da riƙe matakin. Gyaran harshen ɗalibi sai ya koma wuyan jami'a.

4.0 Kammalawa

Masu tsara manhajar Hausa da Yarbanci da Igbo su lura: adabi ba ya ɗauke wa nahawu aikinsa.