Dundaye da Darasin Bakalori

Duk sa'ad da na bi hanyar Dundaye, na ga manoma suna ban-ruwa a fadamar Rima, sai Bakalori ta faɗo mini a rai. A 1978 aka kammala madatsar ruwan can, kusa da Talatar Mafara, wai don raya karkara. Amma ba a shawarci masu gonakin ba. Da suka tare hanya suna neman diyya a 1980, 'yan sanda suka buɗe masu wuta, aka rasa rayuka.

To, 'yan'uwa, jami'armu da aka kafa a 1975 tana cikin ƙasar Dundaye. Kafin mu tsara wa manomi ci gaba, mu fara jin ta bakinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.